Silin Ko Tayil: Gardamar Da Muka Yi A Kan Rufin Gidan Yaya



Duk wanda ya taɓa sa hannu a gini ya san ba a tushe kuɗi ke ƙarewa ba, a rufi suke ƙarewa. Ran da ake haƙa tushe maigida har shayi yake saya wa leburori. Kafin bulo ya kai linta ya fara tsuke aljihu. Ran da kafinta ya kawo lissafin katako da bandir-bandir na kwano kuwa, sai ka ji an ce, "A dai rufa a shiga, sauran a yi a hankali." A cikin wannan sauran ne silin yake faɗawa, shi da duk wani abu da zai tare wa mutanen ɗaki zafin rana. Na san gidaje a Ruwan Godiya da aka haifi yara a cikinsu har yaran suka shiga firamare, sauran nan bai iso ba.

Yayana ya soma nasa ginin bayan kakar 2023, da kuɗin masara da waken suya. Ɗaki uku ne da falo: na Inna, nasa, da na iyalinsa. Ana tsaka da aiki siminti ya yi tashin gwauron zabi. Buhun da ake saye wajen naira 5,000 a tsakiyar 2023 ya haura 10,000 a Fabrairun 2024. Abin da aka ware na ƙarasa aiki ya zaizaye, ya zama dole a zaɓi wani abu a bar wani. Da yake diflomata a fannin gini take, sai aka ce injiniya ya yi magana. (Sunan tsokana ne a gida, kada wani ya kawo mini kwangilar gada.) Na ce a ƙara wa bango layi biyu na bulo, a sayi kwano mai haske, a shimfiɗa makarin zafi a ƙarƙashinsa, a yi silin tun yanzu. Yaya ya ce shi tayil da fenti yake so. Tambayarsa guda ce: "Wannan kuɗin da kake so in binne a sama, inda ba mai gani, yaushe zai dawo?"

A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Kanada, amsar wannan tambaya lissafin ɗan aji shida ne. Ka ɗauki abin da ka kashe wajen cusa wa bango da rufi abin tare sanyi, ka raba shi da abin da ya ragu a kuɗin gas da lantarkin ɗumama gida a shekara, sai ya ba ka shekarun da kuɗinka zai dawo. Ko a Kano lissafin yana aiki ga mai na'urar sanyaya ɗaki, musamman tun daga Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane yunit. Amma mu me za a rage mana? Ba mu da na'urar ɗumama ɗaki, ba mu da ta sanyayawa. Ba a rangwame a kan kuɗin da dama ba a biya. In da wannan awo za a auna, Yaya ne da gaskiya: kuɗin ba zai dawo ba har abada.

Sai dai wannan awon abin da ya bi ta mita kawai yake gani. Mu ba da naira muke biyan zafi ba, da barci muke biya, da lafiyar tsofaffi da jarirai. Kafin in zo nan, bari in nuna muku ta inda zafin yake shigowa, don mutane da yawa bango suke zargi.

Ɗakinmu na yau da kullum, ƙafa 12 da 12, rufinsa ya kai murabba'in mita 13. Da rana tsaka, in sama ta washe, kowane murabba'in mita yana karɓar kusan wat 1,000 na ƙarfin rana. Dutsen guga na lantarki ma wajen wat 1,000 yake ci. Ke nan kamar an jera duwatsun guga 13 ne a kan ɗaki guda an kunna. Kwano bai kai rabin milimita kauri ba, ga shi ƙarfe, ba abin da yake riƙewa. Yakan yi zafin da ya kai digiri 70, sai ya dinga feso shi ƙasa kamar kaskon suya da aka kife a kan mutane. Mu kuma a inda Allah ya ajiye mu, wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar ka, inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. A lokacin da zafi ya fi tsanani ke nan, bangon kudu da na arewa kusan hutawa suke yi. Rufi ne yake shan dukan, sai bangon gabas da safe, na yamma da la'asar.

Kakanninmu sun san haka ba tare da sun taɓa jin kalmar wat ba. Tsohon gidanmu soro ne: bangon tubali mai kauri, a sama an jera azarar giginya, an shimfiɗa zana, an zuba ƙasa an daɓe, an shafe da makuba, ga indararo na fitar da ruwa. Ƙasa mai kauri ba hana zafi shiga take yi ɗungurungum ba, jinkirta shi take yi. Zafin da ya bugi bango da hantsi sai ya yi sa'o'i yana ratsawa, kafin ya iso ciki rana ta faɗi. Shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, ya yi ɗumi da dare. A hunturu abin da ake so ke nan. A bazara kuma dama ba mai kwana ciki.

Ba zan zauna in yi ta yi wa soro kirari ba, irin na masu yabonsa daga cikin falo mai tayil. Waɗanda suka bar shi ba wawaye ba ne. Kowace shekara sai an hau an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka, mu kuma nan kudancin jiha ruwanmu ya fi na Katsina da Daura yawa. In marka ta zauna a watan Agusta, mai soro da ido ɗaya yake barci. Azara ta yi tsada, giginyar ma ta ja baya. Ga kuma bakin mutane: yau ka ce za ka kai amarya ɗakin ƙasa, danginta sai sun tambaya ko lafiya. Kwano ya zo ya raba mu da yoyo da yaɓe, ya kawo zafi, muka karɓa, domin zafin yana da magani na kyauta. Daga Maris har ruwan farko, kowa ya ja tabarmarsa tsakar gida, samari su kwana ƙofar gida, a tashi da asuba jiki garau.

To, wannan tabarmar ce aka ƙwace mana. Duk wanda ke Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara ba ya bukatar in yi masa bayani. Sauran duniya ta san sunan yankinmu ne daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, amma mu tun kafin nan muka daina kwanan waje da kwanciyar hankali. Yanzu da an yi isha'i mata da yara sun shige, an ja ƙyauren ƙarfe an sa sakata. Ku lura da sababbin gine-ginen ƙauyukanmu, taga sai ƙara tsukewa take yi, wata kamar ƙofar akurki. Ku haɗa wannan da bulon da ya yini yana shan rana, da dare yana amayo ta. Jariri ya yi ta tsala kuka, ƙuraje sun feso masa, a daren da ba a son a ji motsin gidan. Inna kuma tana fama da hawan jini. Muna wannan gardama ne a cikin azumin 2024, azumin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ran 3 ga Afrilu. Namu bai kai can ba, amma wanda ya yi wannan azumi a ƙarƙashin tsuran kwano ba zai manta da shi ba. Inna ta faɗi tata a taƙaice: "In haka za ku bar shi, ku bar ni a ɗakina na tsohon gida."

Wani zai ce a sa fanka mana. Fanka iskar da ta tarar a ɗaki take juyawa, kuma sai da wuta. A ƙarshen Oktoban 2024 mafi yawan Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, balle ƙauyen da ko lafiya lau ba kullum yake ganinta ba. Janareto sai da mai. Tun da aka cire tallafi ran 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta je ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kafin nan ma, a 2021, dokar tsaron da gwamnatin Masari ta kafa ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Ko da kuɗinka a hannu, janareton ya zama kayan ado. Ban da haka, a wurinmu ƙarar janareto da dare laifi biyu take yi: ta toshe maka kunne daga abin da ya kamata ka ji, ta kuma sanar cewa gidan nan akwai abin hannu. Sola ta fi su duka, amma batir yana da ranar mutuwa. Silin da makarin zafi su kaɗai ne ba sa shan mai, ba sa jiran wuta, ba su da ƙara.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya faɗi maganar da ta fi duk lissafina nauyi.

"Duk na ji, injiniya. Amma in gobe aka ce kowa ya tashi, kamar yadda aka tashi ƙauyukan da ni da kai muka sani, silin zan ɗora a ka in kai Funtuwa? Kwano in na samu sarari zan ɓamɓare. Ƙyaure zan cire. Sola zan ɗauke. Naka fa?"

Har yau ban raina wannan magana ba. Mutumin da bai da tabbacin inda zai yi sallar baɗi yana da haƙƙin ya ƙi binne kuɗi. Abin da na ce masa shi ne, "Yaya, tayil ɗin ma ai ba a ɗauka." Kuma ran da ya zuba buhun siminti na farko a tushe, ya riga ya yanke cewa zama zai yi. Tun da zaman za a yi, abin dubawa shi ne me zai iya jira, me ba zai iya ba. Tayil ana sa shi bayan shekara biyar, a fitar da kaya a daɓe a mayar. Fenti ma haka. Amma tsawon bango, da launin kwano, da abin da za a shimfiɗa tsakanin katako da kwano, da inda taga za ta kalla, waɗannan tun ran gini ran zane ne. Yau kuɗin kayan kawai za ka biya, don kafinta yana sama dama. In aka buga ƙusa, gyaransu sai an kware rufi, kwano ya huhhuje, a biya aiki sau biyu.

Wanda ya raba gardamar ba ni ba ne, magininmu ne, dattijon da ya fara sana'a da tubali kafin bulo ya shigo garin. Yana jin mu yana cin goronsa, sai ya ce, "Yaro, wannan abin da kake ta zana wa yayanka a takarda, ai mu muka yi shi a ɗakin Kawunku." Ɗakin Kawu soro ne da ya dame shi da yoyo, maimakon a rushe sai aka kafa katako a kansa aka ɗora kwano, aka bar tazara tsakani. Kwano ya tare ruwa da rana kamar laima, iska na ratsa tsakiya tana kwashe zafin, ƙasa na ƙasa tana riƙe sanyi. Duk unguwar an san ɗakin, nan dattawa ke taruwa da azahar a watan azumi. Irin wannan dabarar ce Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a 2001: bangon ƙasa, silin na tubali, kwano a ɗage can sama. Ginin ya ci lambar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. Magininmu ko takardar yabo ta mai unguwa ba shi da ita.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu cewa a yi ta ƙarawa. Makarin zafi ribarsa a shimfiɗar farko take. A misali, in shimfiɗa ɗaya ta rage zafin da ke ratsowa daga 100 zuwa 50, ta biyu irinta za ta kai shi 33 ne, ta uku 25, alhali kuɗin kowace ɗaya ne. Ta farko ta ba ka 50, ta uku ta ba ka 8. Mai na'urar sanyi da ke ƙirga yunit zai iya bin wannan takwas ɗin. Manomin da ya sayar da masararsa ya yi gini, a'a. Haka kuma liƙa farin soso a jikin bango, irin wanda ke zuwa cikin kwalin firji, ban ga ribarsa a wurinmu ba. Ko ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, kan rufi da tagogi ta fi matsawa. Bango inuwa yake so: bakin rufi ya zarce sosai, rumfa a yamma, bishiya. Wannan yayin da ake yi na ɓoye rufi a bayan bango, da yayin kwano baƙi ko ruwan ƙasa don ya yi kyau a hoto, sayen zafi ne da kuɗinka. Farin rufi yakan mayar da fiye da rabin ranar da ta sauka a kansa, baƙi kuwa kusan duka yake shanyewa. A birnin Ahmedabad na Indiya, farin fenti hukuma ta bi tana shafa wa rufin gidajen talakawa don rage musu zafi.

Akwai kuma abin da masu sayar da kaya ba za su gaya maka ba. Makarin zafi ba ya ƙirƙirar sanyi. Kula ce: ka zuba tuwo ta riƙe zafi, ka zuba ƙanƙara ta riƙe sanyi. In ka yi silin mai kyau ka toshe ko'ina, zafin da ya samu shiga da rana shi zai kwana da kai. Dole a bar kafa a gefe biyu na cikin rufi don iska mai zafi ta fita, a sa mata raga saboda jemage da tsuntsaye. Dole ɗaki ya sami taga biyu masu kallon juna. Tun da tsoro ya hana mu manyan tagogi, sai a yi su dogaye a kwance can sama kusa da silin, da rodi, inda mutum ba zai shiga ba amma iska za ta wuce. Ita takardar alminiyon mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, sai an bar iska a gefen ƙyallin take aiki, kuma ƙyallin ya kalli ƙasa, don wanda ya kalli sama ƙurar hunturu za ta dushe shi. Silin roba yana da kyan gani da sauƙin gogewa, amma in gobara ta tashi narkewa yake yi yana ɗiga da hayaƙi mai guba. Na asbestos ƙurarsa tana jawo cutar huhu, ƙasashe da yawa sun haramta shi. Na kwali yana da araha, sai dai ba ya shiri da yoyo ko gara. Kuma duk rufin da aka bar wa kafar iska, a ɗaure katakonsa da langalanga tun daga cikin bulo, kada iskar farkon damina ta kai wa maƙwabta shi.

A ƙarshe rabawa aka yi. An ƙara layi biyu na bulo, an sayi kwano mara launi, an shimfiɗa takardar alminiyon a kan ɗakunan kwana uku, an yi musu silin kwali, an bar kafa da raga. Abin da wannan ya ci ya yi kusan daidai da kuɗin tayil da fentin da Yaya ya so. Falo aka bari da tsuran kwano da daɓen siminti, don a nan kuɗin suka tsaya. Ba da niyya ba, sai muka sami gwaji a gida guda, ƙarƙashin rufi guda.

Bazarar 2025 ta nuna bambancin. Daga sha biyu zuwa la'asar ba mai zama falon nan, ko baƙo aka yi sai dai a kai shi gindin bishiya. Ɗakin Inna kuwa nan yara ke baje wa, har na maƙwabta. Ba sanyi ne irin na banki ba, gumi ana yin sa, amma ana iya barci da ƙofa a rufe, abin da muke nema ke nan. Inna ta taso daga tsohon gida da kanta. Da hunturu ba ta nemi a shigar mata da kaskon garwashi ba, wanda dama hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Da damina ana jin rediyo a ɗaki ko ruwa na zuba, a falo kuwa sai an yi ihu. Ko naira ɗaya ba ta dawo aljihun Yaya ba, kuma in abokansa suka zo har yanzu yakan kalli daɓen falon ya ce, "Aikin injiniya ke nan."

Ɗakinsa shi ne na ƙarshe ta yamma, bangon na shan ranar la'asar kai tsaye, in ka dafa shi bayan magariba da ɗuminsa. Silin ba ya maganin wannan. Mun kafa rumfar kara a jikinsa kafin mu ga abin da kaka za ta kawo, mun kuma dasa bedi uku a bayan ɗakin. Awaki sun cinye biyu, na ukun mun kewaye shi da ƙaya.